Ta Wajen Inna Za Ta Turkiyya

Sabo yana da 'ya'ya huɗu, amma uku yake kiran sunansu. Ta farin, tun ranar da aka raɗa mata suna Mahfuza bai taɓa buɗe baki ya faɗi sunan ba, ko a gabanta ko a bayan idonta. Ba wani laifi ta yi masa ba. Haka ya tashi ya tarar ana yi a gidansu a Yakasai: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama da shi a yi hira. Shi ma mahaifinsa har ya koma ga Allah "kai wannan" yake ce masa. Da aka yaye yarinyar mahaifiyarsa ta ɗauke ta, sai ya samu sauƙi, ya riƙa ce mata "ta wajen Inna". Inna ta rasu, yarinyar ta koma ɗakin uwarta, ta yi girma har ta gama sakandare, amma a bakin Sabo tana nan ta wajen Inna.

Abin dariyar shi ne duk Al Warsan, unguwar da sitonsa yake, babu mai baki irin nasa. Aikin kago yake yi a Dubai, shekara da shekaru. 'Yan kasuwar Kano su sayo kaya su jibge masa a sito, shi ya auna, ya ɗaure, ya loda a kwantena. Yana ciniki da ɗan Sin, yana tsokanar direba ɗan Pakistan, yana rarrashin Balarabe, kowa da guntun yarensa. Ka tambaye shi inda ake sayar da abin da ba a ƙera ba tukuna, ba zai ce maka bai sani ba, sai dai ya ce ka ba shi zuwa la'asar. Mutum ɗaya ce a duniya in ya ji muryarta bakin nan yake mutuwa, kuma shi ya haife ta.

Ranar da matarsa Halima Sa'adiya ta kira ta ce yarinyar ta samu gurbin karatu kyauta a Turkiyya, a wani gari Bursa, za ta karanta harhaɗa magunguna, abin da ya ce kawai shi ne, "To, Allah ya sanya alheri." Yana kashe wayar ya zaga bayan katan-katan ɗin takalma ya yi sujada, ya daɗe bai ɗago ba. Farin ciki ne ya cika shi har ƙirjinsa na zafi. Sai dai babu wanda ya ga wannan a Kano. Abin da ya isa can shi ne 'yan kalmomin nan, a bushe.

Aka shirya cewa Hajiya Turai ce za ta raka ta. Hajiya ƙawar yayarsa ce, tsohuwar 'yar kasuwa mai saro labule da zannuwan gado, kuma hanyarta dama Kano, Dubai, Istanbul ce. Za su yada zango a Dubai 'yan kwanaki ta haɗa kayanta, sannan su wuce. Tun da Sabo ya ji haka ya rasa sukuni. Yarinya za ta tafi shekaru, ga ta za ta biyo ta ƙofarsa, kuma bai san me zai ce mata ba bayan amsa gaisuwa.

Siton da ke jikin nasa na wani Baturke ne mai suna Muhsin, mai sayar da darduma, dattijo mai furfura a gashin baki wanda tukunyar shayinsa ba ta sauka daga wuta. Da guntun Turanci da guntun Larabci suke hira, inda ya gagara a ƙarasa da hannu. Sabo ya shiga wajensa wata safiya, ya karɓi shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ya yi ta kewaye-kewaye kan tsadar kwantena kafin ya fito da abin da ya kawo shi.

"So nake ka koya min yarenku. Shuwayya, kaɗan kawai."

"Na ciniki?" in ji Muhsin. "Nawa ne, rage min, ya yi tsada?"

"A'a. Na makaranta."

Muhsin ya dube shi ta saman tabarau, bai tambayi dalili ba. Ya ce to su fara da abin da ake zuwa nema a makarantar. Abin da Bature ke ce wa knowledge, tsofaffinsu ilim suke cewa. Sabo ya ajiye kofi. Ya ce ai su ma ilimi suke cewa. Muhsin ya ce darasi kuma ders, alƙalami kalem. Sabo ya yi ta murmushi kamar wanda ya haɗu da 'yan unguwarsu a tasha, ya ce ashe yaren nan rabinsa a aljihunsa yake bai sani ba.

"Kada ka yi saurin murna," in ji Muhsin. "Yaran yanzu bilgi suke cewa. Malami kuma hoja. In kana kiran naka malamin, hojam, wato malamina. Ɗalibi a can ba ya kiran sunan malami, hojam kawai. Sai kalmar da ta fi kowace amfani ga mai neman ilimi: bilmiyorum."

"Me ke nan?"

"Ban sani ba."

"Wannan bar ta a wajenka," in ji Sabo. "A sana'ata ba ta da amfani."

Haka suka riƙa yi kullum da safe. Sabo ba mai rubutu ba ne, da ka yake riƙe abu, don haka yana jan igiyar ɗaurin kaya yana maimaitawa ƙasa-ƙasa kamar mai tilawa. Da tafiya ta yi tafiya ya gaya wa Muhsin cewa wata yarinya ce daga gidansu za ta Bursa, ya tambayi yadda ake cewa karatun harhaɗa magunguna. Muhsin ya ce ejzajilik. Wannan kalma ta ba Sabo wahala fiye da duk wani lodi da ya taɓa yi. Ya kama kanta, wutsiyar ta kuɓuce.

"Wace yarinya ce?" in ji Muhsin.

"Ta wajen mahaifiyata."

"Ƙanwarka?"

"A'a. Ni na haife ta."

"Masha Allah. Ya sunanta?"

Sabo ya kurɓi shayi, ya dubi silin, ya ce zafin bana ya ƙi sauka. Muhsin ya sake tambaya. Da ya ga babu mafita ya yi masa bayani: su a wajensu ta fari ba a faɗin sunanta, kunya ce, girmamawa ce ga iyayen mutum, kada a ga kamar kana rawar kai da abin da ka haifa. Muhsin ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai gamsu ba. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, tasa 'yar ce daga Izmir. Dattijon nan ya narke a kujera, kowace jimla sai ya ce kizim, kizim. Sabo ya kawar da kai don kunya ta kama shi a madadin mutumin. Bayan an gama wayar dai bai iya haƙuri ba.

"Sunanta ke nan, Kizim?"

Muhsin ya yi dariya. "Ba suna ba ne. 'Yata ke nan."

Sabo bai ce a ƙara masa wannan cikin darasi ba, kuma bai maimaita ta a fili ba. Amma ta zauna masa a kai.

Ranar da suka sauka ya je filin jirgi da sabuwar shadda. Mahfuza ta fito bayan Hajiya Turai, doguwa, da tabarau, kamar Inna ta dawo duniya tana budurwa. Ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ta ce, "Baba, ina wuni." Ya ce, "Lafiya," yana kallon akwatunan, sannan ya juya ga Hajiya ya shiga tambayarta hanya da mutanen gida da farashin dala. Ya kai su masaukin da Hajiya ta saba sauka a Deira. A ƙofa ya miƙa wata leda mai nauyi, rigar sanyi ce mai kauri da ya zaga kasuwa ya zaɓo da kansa, ya ce, "Hajiya, a ba ta wannan. An ce can ƙanƙara ke zuba."

Washegari Hajiya Turai ta zo sito duba labulenta, ita kaɗai. Ta gama ƙirga dilolinta, ta samu kujera ta zauna, ta ce a kashe mata fankar nan tana da magana.

"Sabo, yarinyar nan gani take ba ka son tafiyar nan."

"Ni? Wa ya ce mata?"

"Kai ka ce mata, da shirunka. Kowa a dangi ya kira ya yi mata murna, har masu gadin layinsu. Kai aka ce ka ce Allah ya sanya alheri, kamar an gaya maka an sayar da akuya. Jiya ta sa rigar nan ta tsaya gaban madubi, sai na ga tana share ido. Ta ce min, Hajiya, na san Baba yana yi min komai, amma ina jin ko abin da zan karanta bai sani ba."

Maganar ta soke shi. Ya ce, "Hajiya, kin san yadda muka tashi."

"Na sani, ni ma ban taɓa kiran sunan nawa na farin ba. Amma ni yana gabana, yana ganin fuskata in ya shigo, ya san tuwon da na ajiye masa. Kai kana nan tana can, fuskar ma ba ta gani. Yaran yanzu kuma ba a bar su su gane abu da kansu, sai an faɗa musu. Jibi da safe jirginmu zai tashi. In ta tafi da wannan a ranta, da shi za ta zauna."

Da yamma Sabo ya leƙa wajen Muhsin ya ce yana son ya fita da baƙinsa su sha iska, ko zai ara masa mota. Muhsin ya ce ba zai ara ba, shi zai tuƙa, kuma Hatta za su, yarinya ta ga duwatsu tun yanzu don Bursa ma a gindin dutse take.

Suka kama hanya da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Sabo a gaba, Hajiya da Mahfuza a baya. Gine-gine suka ƙare, yashi ya karɓa, can gaba duwatsu suka fara ɗagowa baƙi-baƙi. Sabo ya yi wa Muhsin hira, ya yi wa Hajiya hira, sau ɗaya ya ce, "Hajiya, tambaye ta ko za ta sha ruwa." Muhsin ya dube shi ta gefen ido ya girgiza kai. Ita Mahfuza ta sunkuyar da kai kan wayarta tana bita a hankali. Wayar ta faɗi kalma da Turanci, ita ta mayar da Turkanci. Knowledge, ta ce bilgi. Lesson, ta ce ders. Leɓen Sabo na motsi tare da nata, amma babu mai gani sai gilashin gaba.

Muhsin ya ji daɗin lafazinta. Ya dube ta ta madubi ya tambaye ta da yarensu, a hankali yadda za ta gane, me za ta karanta a Bursa. Ta buɗe baki ke nan sai aka ji murya daga kujerar gaba.

"Ejza," in ji Sabo, idonsa a kan titi. "Ejzaji..." Wutsiyar ta sake kuɓucewa. Ya yi gyaran murya ya koma farko, ya sake maƙalewa a wuri ɗaya.

"Ejzajilik," in ji Mahfuza, ƙasa-ƙasa.

"Shi," in ji Sabo.

Muhsin ya ce mata da Turanci, "Mahaifinki ya hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali saboda wannan kalma. Kullum da safe. Har ma'aikatana sun iya ta, shi bai iya ba."

Sabo ya ji kamar ya buɗe ƙofa ya sauka. Bai waiwaya ba, amma ya ji lokacin da ta ajiye wayar a cinya. Can ta matsa kusa da Hajiya ta ce, "Hajiya, tambayi Baba ko ya san yadda ake cewa ilimi."

"Ni ba tafinta ba ce," in ji Hajiya Turai. "Ga ki ga shi. Kun ishe ni ku biyun nan."

Aka ɗan yi tafiya. Sannan muryar Mahfuza ta zo. "Baba, ya ake cewa ilimi?"

"Ilim," ya gaya wa gilashin mota. "Amma 'yan zamani irinku bilgi."

"Malami fa?"

"Hoja."

"Ban sani ba fa?"

Muhsin ya bugi sitiyari yana dariya, ya ce wannan ita ce wadda ya ƙi karɓa. Sabo ya ce, "Bilmiyorum," daidai, babu tuntuɓe. Mahfuza ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Bai taɓa jin dariyarta kusa haka ba, sai daga wani ɗaki in ya je gida hutu.

A Hatta ruwan madatsar ya kwanta shuɗi-kore tsakanin duwatsu, 'yan ƙananan jiragen ruwa masu launi suna yawo a kai. Hajiya ta ce gwiwarta ba za ta hau tudu ba, ta samu inuwa ta zauna. Muhsin ya ce zai nemo shayi, ya tafi ya ƙi dawowa da wuri, da gangan. Aka bar uba da 'ya a jikin ƙarfen da aka kange bakin ruwan da shi, tsakaninsu tazarar da mutum biyu za su iya tsayawa. Ga dama ta samu, kuma Sabo ya san abin da ya kamata ya faɗa: cewa ya yi murna, cewa ya yi sujada a bayan katan, cewa duk wanda ya shigo sitonsa sai ya ji labarin wata yarinya daga gidansu. Ya jera maganar a ransa da Hausa tsaf. Da ta iso maƙogwaro sai ya ji kamar mahaifinsa na tsaye a bayansa.

"Rigar ta yi daidai?" ya ce.

"Ta yi, Baba. Na gode."

"To. A riƙa sa safa."

Iyakar abin da ya fito ke nan. A hanyar dawowa bai yi hira da kowa ba, haushin kansa ya ishe shi. Da suka sauke su Hajiya, ya ce wa Muhsin, "In ɗalibi zai tafi karatu, me kuke ce masa?" Muhsin ya ce akwai addu'ar da kowace uwa da kowane uba ke yi, Allah zihin acikli versin, wato Allah ya buɗe ƙwaƙwalwa. Sabo ya sa shi ya maimaita har suka iso Al Warsan.

Da safe a filin jirgi an auna kaya, an karɓi takardun shiga, Hajiya Turai ta yi sallama ta yi gaba da jakarta ba ta ko waiwayo ba. Mahfuza ta durƙusa kamar ranar da ta zo. "Baba, za mu tafi. A yi min addu'a."

Wannan karon bai kalli akwati ba, don babu akwatin kallo. Ya dube ta. Kunyar nan tasa da Hausa ya koye ta, a zauren gidansu, kuma ya lura tun a mota cewa kunyar ba ta iya bin sa sosai cikin yaren Muhsin. Ya ɗaga hannu ya ɗora a kan mayafinta, abin da rabonsa da yi tun tana cikin zanen goyo, shi ma a ɓoye.

"Allah zihin acikli versin," ya ce. Sannan ya ƙara, "Kizim."

Kalmar tana cikin darasin farko na duk mai koyon yaren, ba ta buƙatar tafinta. Mahfuza ta ɗago ta dube shi, idonta ya cika, ta ce, "Amin, Baba," sannan ta miƙe da sauri ta bi bayan Hajiya tana goge tabarau da gefen mayafi. Ya tsaya har ta shige inda ba a bin matafiyi. Zuciyarsa ta yi nauyi da rabuwar, amma wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka.

Yana sito bayan azahar, yana ɗaure dilolin wani ɗan Kantin Kwari, wayarsa ta yi motsi. Saƙon murya ne, daga lambar da ya daɗe da ajiyewa da sunan "Ta wajen Inna", wadda ba ta taɓa kiransa ba shi ma bai taɓa kiranta ba. Ya zaga bayan katan-katan ya kara a kunne.

"Baba, mun sauka lafiya, Hajiya tana gaishe ka. Addu'ar nan ka faɗe ta daidai, na tambayi wata mata a jirgi. Amma ejzajilik har yanzu da saura. Gobe in na huta zan turo maka a hankali, ka maimaita ka turo min in ji."

Ya saurara, ya sake saurara. Muhsin ya leƙo ta ƙofa da kofin shayi a kowane hannu, ya ga fuskarsa, ya koma. Sabo ya danna wurin ɗaukar murya, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin dogon jawabi.

"To, hojam," ya ce, ya tura, ya koma kan igiyarsa.